Sallamar Abba

"Ba za a taɓa ta ba," in ji Umma.

"Umma, ba fa yanka ta za a yi ba. Manhaja kawai za a sauya mata."

"Na ji. Ba za a taɓa ta ba."

Ni kuwa ina tsaye a bayan Umma da tsintsiya a hannu, ina motsa baki daidai da nata, har da ɗage girar nan ta hagu da take yi in ta ƙi abu. Yaya ya hango ni. Dariya ta taso masa, ya mayar da ita tari. Umma ta ce ya je ya sha ruwa ya dawo, amsar dai tana nan inda ya bar ta.

Rigimar duk a kan kwamfutar Abba ce, Allah ya jiƙansa. Tsohuwa ce, irin mai akwati a ƙarƙashin tebur. A da fara ce, yanzu ta koma launin haƙorin mashayin shayi. Yaya ya shiga wani kwas ta intanet, tasa ta hannu ta mutu, shafin makarantar kuma da ya ga ta Abba sai ya ƙi buɗewa, wai manhajar da ke tafiyar da ita ta tsufa. Magani ɗaya ne, a goge tsohuwar a zuba sabuwa.

Abin da Umma take karewa ba akwatin ba ne. Tun muna yara Abba ya gaji da yadda muke rugawa kan kwamfutar ko gaishe shi ba mu yi ba, sai ya naɗi muryarsa ya sa a madadin ɗan kiɗan da take yi in an kunna ta. Gyaran murya tukuna, irin nasa mai kamar ana jan kujera a kan siminti, sannan: "Salamu alaikum, mutanen gidan nan." Da wasa ne. Bayan rasuwarsa ya tashi daga wasa. Kullum da yamma, daidai lokacin da ya saba dawowa daga aiki, Umma kan shiga ɗakin ta turo ƙofa, ta kunna, ta amsa a hankali, ta yi masa sannu da zuwa, ta ɗan zauna, ta kashe. Mu kuma mu yi kamar ba mu sani ba. Ba mu da muryarsa a wani waje. Abba mutum ne da in ka ɗaga waya za ka ɗauke shi sai ya tsuke baki kamar an kawo masa magani.

Da ƙyar Yaya ya shawo kanta. Ya rantse cewa mai gyara zai fara kwafe sallamar ya ajiye, in an gama a mayar da ita yadda take. Ranar Yaya yana da aiki har yamma, don haka aikan ya faɗo kaina. A bakin ƙofa Umma ta riƙe min wuyan hannu.

"Aku, wannan ba wasa ba ne. Kafin ya taɓa komai za ki gaya masa."

Na ce to, da muryar mutanen kirki.

Abba ne ya raɗa min Aku, kuma ban ci sunan banza ba. Mai gadin layinmu, malamar lissafinmu, maƙwabciyarmu in tana kiran kazarta, har kukan ƙofar banɗaki, duk suna cikin maƙogwarona. Sau ɗaya zan ji mutum na ɗauke shi. Murya ɗaya ce kawai ban sake taɓawa ba tun da aka fita da mai ita.

Shagon yana ƙasan wani benen shaguna, ƙarshen wani dogon lungu da rana ba ta shiga. Na isa da la'asar sakaliya, rungume da akwatin kamar mai goyon gaba. Wurin yana warin dalma da ƙonanniyar roba. Daga ƙasa har sama an jibge matattun kwamfutoci a jikin bango, fuskokinsu baƙi ƙirin, ga tsofaffin sifiku a kwali da wayoyinsu a cukurkuɗe. Mai gyaran, da kowa ke kira Injiniya, yana kan wata kujera mai juyawa. A gefe wasu 'yan mata biyu suna jiran wayarsu.

Injiniya da hanci yake magana. Kuma ba ya rufe zance sai da "kin gane ko?" Ya buɗe akwatin ya ce ƙurar ciki ta isa a shuka masara, kin gane ko. Ya ce ƙwaƙwalwarta ƙarama ce amma za ta ɗauka, kin gane ko. Ni tuni na daina jin me yake cewa, yadda yake faɗa nake ji. Harshena ya fara ƙaiƙayi. Na saci kallon 'yan matan, na ga su ma dariya ce cike da kumatunsu, jira kawai suke wani ya huda.

Ya soka filashinsa mai ɗauke da sabuwar manhajar, ya ɗora yatsa a kan madanni, ya juyo.

"Akwai abin da za a kwashe? Don in an goge an goge, kin gane ko?"

Na toshe hancina daga ciki, na karkata kai yadda yake yi.

"An kwashe komai, Injiniya, kin gane ko?"

'Yan matan suka fashe. Ɗaya har da dukan cinya. Ba ƙarya na yi niyya ba, don Yaya ya kwashe takardu da hotuna tun da safe. Amma gaskiyar magana ban ma yi tunanin amsar ba, muryar nake so ta fita daidai. Ta kuwa fita daidai. Injiniya ya dube ni, fuskarsa ta rufe, ya danna.

Sai da 'yan matan suka karɓi wayarsu suka tafi, shagon ya yi tsit, sannan na ji wurin da Umma ta riƙe a hannuna ya yi min nauyi. Wani shuɗin layi yana rarrafe a allon. Na miƙe tsaye na tambaye shi sallamar, ina haɗa kalmomi da ƙyar. Bai ɗago ba. Ya ce irin wannan sautin ba ya zama tare da hotuna, a jikin tsohuwar manhajar yake, ya kuwa tafi tare da ita. Na ce ko akwai dabara.

"An goge," ya ce.

Bai ƙara "kin gane ko" a ƙarshe ba. Na gwammace da ya zage ni.

Aka kira magariba. Ya zura takalmansa, ya ce kar in taɓa komai, kar kuma in kuskura in kashe, in ta katse a tsakiya akwatin ya zama kujerar zama. Ya ja ƙofar ƙarfen shagon ta sauko rabi, ya tafi. Na ji takunsa yana nisa a lungun, na ji sauran shagunan suna rufewa ɗaya bayan ɗaya.

Na zauna ina kallon layin. Ina ta hango Umma gobe da yamma, ta turo ƙofa, ta danna, wani kiɗan turawa ya amsa mata.

A nan ne shawarar ta zo min, kuma tun kafin ta gama zuwa na ji kunyarta. Na iya muryar Abba. Na san inda yake jan "gidan", na san inda numfashinsa yake yankewa. In na naɗa a wayata, Injiniya ya sa, wa zai gane? Na ce wa kaina don Umma zan yi. Don kaina ne.

Na fito da wayar. Na sauke haɓa, na nemo shi can ƙasan ƙirji. Na yi gyaran muryar. Na yi sallamar.

Ta yi kama. Tsikar jikina ta tashi don yadda ta yi kama.

"Ba haka ba."

A hankali aka faɗa, daga wajen kwalin sifikun. Muryar mace ce, ƙarama, mai ɗan rawa a ƙarshe. Na ɗauki lokaci kafin na gane ta, don ban saba jin ta daga waje ba.

Tawa ce.

Na duba wayar. Tana naɗa, ba ta kunna komai ba. Na duba kwalin. Wayoyin sifikun suna reto a gefe, ba a haɗe da komai ba.

Fankar kwamfutar ta yi shiru, layin kuwa bai tsaya ba. Warin dalmar ya ɓace. Wani wari ya maye gurbinsa, irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba, da ɗan sanyi-sanyi a ciki.

"Kin yi sauri," in ji muryata. "Shi ba ya sauri."

Ƙofar tana nan rabi a buɗe. Hasken lungun yana kwance a ƙasa, taku kaɗan ne tsakanina da shi. Duk mai hankali ya san abin yi. Ni ma na sani.

Ban tashi ba. Na buɗe baki, na ji kaina ina raɗa:

"To yaya yake yi?"

Aka yi dariya. Dariyar maƙwabciyarmu ce, amma ba yadda ita take yi ba, yadda nake yin ta a kicin in Umma ba ta nan. Sai muryar mai gadi. Sai malamar lissafi. Sai kukan ƙofar banɗakinmu. Duk nawa ne, har da gishirin da nake ƙarawa.

Kujerar Injiniya ta yi ƙara. Katifarta ta lotsa a tsakiya, a hankali, kamar an zauna.

Na ɗaga ido. A kowace baƙar fuskar da ke jikin bango ga ni nan, ƙarama, riƙe da waya. Dukkansu bakinsu a rufe.

Ban da ɗaya.

Ita ta sauke haɓa.

Gyaran muryar ya cika shagon. Ba kama ba ce. Shi ne. Har da 'yar shaƙewar da ta same shi a shekarunsa na ƙarshe, wadda babu ita a naɗin da aka goge.

"Salamu alaikum, mutanen gidan nan."

Amsar ta taso har bakin leɓena, na cije ta.

"Na daɗe ina sauraron ki," aka ce, an koma muryata, yanzu dab da kunnena. "Kin iya. Amma ke don a yi dariya kike yi."

Kujerar ta juyo ta fuskance ni.

"Ni don a buɗe min nake yi."

Ƙofar ƙarfen ta motsa. Ba faɗuwa ta yi ba, saukowa take, kaɗan-kaɗan, hasken ƙasa yana tsukewa.

Na kama addu'a. Ta fito ta hanci, da muryar Injiniya.

Na sake. Malamar lissafi.

Na sake. Umma.

Na laluba ko'ina a maƙogwarona, kowa yana nan, ni ce babu.

Na yar da kaina ƙasa. Na ja ciki. Ƙarfen ya kankare min baya, ya kama gefen mayafina, na fizge. Ƙofar ta dira a bayana.

Sai a lungun, fuskata a kan siminti, addu'ar ta fito da wata 'yar siririyar murya da ban san ina da ita ba. Na yi ta maimaitawa don kar ta sake gudu.

A haka Injiniya ya same ni. Na ce tuntuɓe na yi. Ya ɗaga ƙofar da hannu ɗaya yana mitar cewa ta daɗe tana neman gyara. Ciki komai lafiya lau: warin dalma, fanka tana juyi, kujera ba kowa. Aikin ya kammala. Ina tsaye daga waje ya kashe kwamfutar ya sake kunnawa don gwaji, ya haɗa mata 'yar sifikarsa.

Abba ya yi gyaran murya, ya yi sallama.

Injiniya ya daɗe yana sosa ƙeya. Ya ce tun da yake aikin nan bai taɓa ganin an goge abu ya ƙi tafiya ba. Har fushinsa ya huce, ya ce na yi sa'a, kin gane ko.

A nan ya kamata in ce ya riƙe ta, ya fasa ta da guduma, ya yi abin da ya ga dama. Na san abin da ke ciki, ni kaɗai na sani. Amma na tuna fuskar Umma, na tuna bayanin da zan yi, daga 'yan matan nan har hancin Injiniya. Na sunkuya na rungumi akwatin. A motar haya yana kan cinyata, a kashe, amma ɗumi gare shi kamar jikin mage.

Ina isa Yaya ya jona wayoyi ya kunna. Umma tana bakin ƙofa. Da sallamar ta fito ta dafe ƙirji ta yi hamdala, amma ba ta amsa ba, don ba ta amsawa a gabanmu. Ta shafa kaina ta ce Aku ta girma, an aike ta ta dawo da abu cikakke. Ta zuba min abinci da hannunta. Na ci, kowace loma kamar tsakuwa.

Washegari na wuni ina bin ta daga kicin zuwa tsakar gida. Na buɗe baki ya fi a ƙirga. Kowane karo sai ta dube ni da fara'ar nan ta jiya, sai in tambaye ta ko in yanka albasa.

Yamma ta yi. Ta wanke hannu, ta gyara ɗankwali, ta shiga ɗakin ta turo ƙofa. Na bi ta na tsaya a jikin ƙofar, ina leƙe ta tsagar.

Ta danna. Ta zauna a bakin kujera, hannuwanta a kan cinya.

Sallamar ta zo.

"Wa alaikumus salam," in ji Umma. "Sannu da zuwa."

Nan ne kullum ake yin shiru.

"Yawwa, Malama."

Abba kaɗai yake kiran ta haka, tun zamanin da take koyarwa. Na ga bayanta ya sandare. Sanyin nan na shago ya biyo ta ƙarƙashin ƙofa ya taɓa min yatsun ƙafa.

"Na gaji da tsayuwa a waje," aka ce, da tausasawa. "In shigo?"

Na banka ƙofar. Na kira ta. Ban san ko sau nawa ba. Ko gezau. Idonta yana kan allon, hawaye yana bin kumatunta, tana murmushin da rabona da ganinsa tun Abba yana da rai. Na girgiza kafaɗarta, kamar na girgiza bango.

Leɓenta ya fara haɗa kalmar.

Mutum ɗaya ne a duniya in ya yi magana Umma take juyowa.

Na sauke haɓa.

"Malama. Kar ki amsa. Ba ni ba ne."

Ban taɓa yin wata murya da ta fita haka ba.

Ta juyo da sauri kamar yarinya, fuskarta cike da haske, tana neman sa sama da kaina, daidai tsayinsa. Ba ta same shi ba. Idonta ya sauko. Ya same ni, hannuna a maƙogwaro, haɓata a ƙirji.

Na ga hasken yana mutuwa. Na ga ta gane, ba wannan kaɗai ba, har da na jiya, har da shafa kan da ta yi min. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na gode mata.

Na faɗa ƙarƙashin tebur na fizge wayar wuta daga bango. Allon ya yi baƙi. Fankar ta yi ta juyi ita kaɗai.

"Malama?" aka ce, can ƙasa-ƙasa.

Umma ta sa hannu biyu ta toshe bakinta. Muka zauna a haka, ita a kujera ni a ƙasa, har fankar ta gaji ta tsaya. Yaya yana bakin ƙofa da buta a hannu, ban san tun yaushe ba.

A daren na faɗa musu komai ina kallon tabarma. Umma ba ta yi faɗa ba. Ta saurara har ƙarshe, ta tambaye ni ko bayan nawa yana ciwo, ta kawo man shafawa ta ajiye a gefena, ta shige ɗakinta.

Akwatin yanzu yana ɗakin ajiya, fuskarsa a bango, an naɗe wayarsa an ɗaure. Yaya a wayarsa yake kwas ɗinsa, yana tsuke ido. Ni kuma gidan ya huta da ni. Maƙwabciya takan kira kazarta in ji harshena ya motsa, sai in tuna akwai mai sauraro, in haɗiye. Umma ba ta taɓa cewa in yi mata muryar Abba ba, ko da yake yanzu ta san wurin da ta rage. Da yamma takan wanke hannu, ta gyara ɗankwali, ta kama hanyar ɗakin, sai ta tsaya a tsakiya ta dawo falo ta zauna. Lokacin nan ne ba na iya zama kusa da ita, ba na kuma iya tashi.

Wata yamma muna zaune mu uku, ta yi magana ba tare da ta dubi kowa ba.

"To wanda na yi wa sannu da zuwa ran nan, wane ne?"

Na sunkuyar da kai. Yaya ya ajiye wayarsa, ya yi ɗan tunani irin na masu ilimi.

"Ina ga daga saitin kwamfutar ne, Umma. Akwai wajen da ake kashewa."